Fitilar Cikin Injin Wanki Da Na Gyara Sau Biyu

Shadda ce ta jawo aka kira ni gidan. Farar shaddar Alhaji, babbar riga da 'yar ciki da wando, ta shiga injin wanki fara sol, ta fito kamar an tsoma ta a ruwan zoɓo. Da aka bincika sai ga jar safar jikan gidan ƙwaya ɗaya, ta kwana manne a saman ganga tun wankin jiya. Injin mai ƙofa a gaba idan ya gama matsa, ƙananan kaya irin safa da hankici sukan lafe a jikin ganga, sau da yawa can sama bayan leɓen roba inda ido ba ya kaiwa. A da akwai 'yar fitila da ke kamawa da an buɗe ƙofa, Hajiya ta leƙa ta kwashe komai. To wata biyu ke nan da mutuwar fitilar, injin kuma yana wani lungu tsakanin kicin da sito wanda ko da rana tsaka duhu ne, ga idon Hajiya ya fara rauni.

"Injiniya, kai ne na uku," in ji ta bayan mun gaisa. "Na farko ya ce wai ado ce kawai, ba a gyara ta. Na biyu ko buɗewa bai yi ba, ya ce fanel ne, in kawo kuɗin sabo."

"Bari mu duba tukuna, Hajiya. In fanel ɗin ne zan nuna miki da idonki."

Na farkon ban ga laifinsa sosai ba. Injuna da yawa ba su da wannan fitila sam, suna kuma wanki lafiya lau. Sannan a cikin robar da ke tare ruwa take zaune, wanda bai saba ba garin gyaran gira sai ya rasa ido, a bar fitila a koma fama da yoyo. Na biyun ne halinsa ba ya yi mini. Akwai masu gyaran da duk abin da ya shige musu duhu sai su ce fanel, wato allon lantarkin da ke sarrafa injin, don shi ne mafi tsada, mai kaya kuma ba shi da ta cewa.

Injin na hannu ne, irin wanda ake saukewa a Legas daga Turai a hauro da shi Kano. A Sabon Gari ta saye shi shekara uku da suka wuce. Rubutun maɓallansa duk Jamusanci ne, 'yar aikin gidan da ido kawai ta haddace inda ake murɗawa. Takardar da ke manne a bakin ƙofa daga ciki ta nuna yana cin bolt 220 zuwa 240, yana ɗaukar kilo 8, yana juyi 1,400 a minti idan yana matsa. Sauƙin kayan Turai ke nan, wutarsu ɗaya da tamu. Na Amurka mai cin 120 sai an nemo masa taransifoma.

Inda fitilar take zaune

Irin wannan inji tukwane biyu gare shi, ɗaya cikin ɗaya. Ta ciki ita ce gangar ƙarfe mai huji-huji da ake zuba kaya, ita ke juyawa. Ta waje ba a ganinta, ita ke riƙe ruwa. Ba ta juyawa, amma ba a kafe take ba. A rataye take da sifirin biyu daga sama, shokozoba biyu ko uku sun tokare ta daga ƙasa, an kuma ɗaura mata tubalan kankare don ta yi nauyi. Tsakanin bakin wannan tukunya mai lilo da fuskar inji da ba ta motsi akwai robar ƙofa, mai ninki kamar zugazugin maƙeri. A saman robar nan aka huda rami aka cusa fitilar kamar toshiyar kwalba, fuskarta tana kallon cikin ganga, siraran wayoyinta biyu sun fita ta baya sun hau zuwa wani ɗan soket da ke ɗaure a jikin inji.

Kan wayar ɗaya ke nan yana wurin da ke rawa, ɗaya kan yana wurin da ke tsaye. Na san wannan tun ina yaron shago, amma ranar da ya kamata ya yi mini amfani bai zo mini a rai ba.

Fitilun yanzu LED ne, ƙaramar wuta suke ci daga fanel, a wannan injin bolt 12, a wasu 5. Fanel yana jin labarin buɗe ƙofa daga makullinta, ya saki wuta, bayan 'yan mintoci ya yanke da kansa. Don haka in fitila ta ƙi kamawa, laifin zai iya zama na saiti, ko na makulli, ko na fanel, ko na waya da soket, ko na ita kanta fitilar. Daga mai arha ake farawa.

Zuwan farko

Da muka shiga lungun, rabin buhun shinkafa ne a kan injin, ga kuma bulo an tokare shi da shi ta gefe. Na ɗauka ƙarancin wurin ajiya ne. Na ce wa yarona ya sauke buhun, ban tambayi kowa komai ba.

Kafin in taɓa sukundireba na duba saiti. A wasu injinan LG da Samsung fitilar tana da maɓallin da ake dannawa a riƙe daƙiƙa 3, na sha zuwa gidan da gyaran gaba ɗaya bai wuce wannan ba, ko kuma a tarar an sa makullin yara an manta. Nan ba haka ba ne. Makullin ƙofa ma lafiyarsa ƙalau: in an rufe yana yin ƙas ya kama, in an bar ta a buɗe aka danna farawa injin ya ƙi tashi. Fanel ya san halin da ƙofa take ciki ke nan.

Na zare fulogi daga bango, muka zauna kamar minti biyar. Yarona yana ganin ɓata lokaci ne. Injin da ke da fanel mai sarrafa gudun motar da ke juya ganga yana da manyan kafasita da ke tara wuta, kuma 230 ɗin bango in an miƙar da ita ta shiga cikinsu tana kaiwa wajen 325. Cire fulogi ba ya zubar da ita nan take. Wanda ta taɓa fizga ba ya jiran a yi masa bayani.

Sukuru biyu ne a bayan murfin sama. Na kwance su, na tura murfin baya, na ɗaga. Ƙurar hunturu ta yi shimfiɗa a ciki, ga ƙwayayen kyankyaso a kusurwa. Na haska tocila ina neman haƙoran ɓera a jikin wayoyi, don injin da ke maƙwabtaka da sito ɓera ne abin zargi na farko. Babu. Soket ɗin fitilar kuwa ƙarafansa sun yi kore-kore irin na tsohuwar tagulla. Na zare shi, na wanke da sifirit da tsohon burushin haƙori, na mayar. Shiru.

Awo da wuta a jiki shi ne wurin da nake so mai karatu ya yi taka-tsantsan. Bolt 12 ba ya kisa, gaskiya ne. Amma a wasu na'urorin gida ba a raba ƙaramar wutar fanel da babbar wutar bango ba. Tsakanin wayoyin biyu mita za ta nuna maka 12, tsakanin ɗayarsu da ƙasan da kake takawa kuwa wutar bango ce cif. Ga gidajenmu da yawa ba su da wayar ƙasa ta kirki, ga lungun wanki ba ya rabo da danshi. Abin da nake yi shi ne in maƙala bakunan mita, na'urar awon wuta, a soket tun fulogi yana waje, in ja baya, in tabbatar da takalmin roba a ƙafata, sannan yaro ya soka fulogi. Haka muka yi. Da aka buɗe ƙofa mita ta hau 12.1, ta tsaya a nan, bayan 'yan mintoci ta faɗo sifiri da kanta.

Na kira Hajiya, na sa aka rufe ƙofa aka sake buɗewa a gabanta.

"Kin ga lambar nan da ta hau? Fanel ne ke aiko da wuta. Lafiyarsa lau, kada wani ya sake karɓar kuɗinki a kansa."

"Allah Ya yi maka albarka. To ina ciwon yake?"

"Tsakanin nan da fitilar. Yanzu za mu gani."

Na sake cire fulogi. A bakin ƙofa akwai zoben waya mai ɗan sifirin da ke damƙe leɓen roba a fuskar inji. Na zira bakin sukundireba mara kaifi a gefen sifirin ɗin na ɗago shi a hankali, zoben ya fita, na tura leɓen robar ciki. Daga nan hannu ɗaya ta sama, ɗaya ta ƙofa, na murza fitilar ta fito. Girmanta bai wuce babban yatsa ba. Da na ɗaga ta a hasken tocila sai ga ɗigon ruwa a cikin gilashinta, ga farin busasshen sabulu ya yi ɓawo a gindi, daidai inda wayoyi suka shiga.

Na tambayi 'yar aikin irin sabulun da suke zubawa. Garin sabulun wankin hannu ne, wanda ake sayarwa a leda, gwangwanin madara biyu kowane wanki. Ta ce har daɗi take ji in ta ga kumfa ta rufe gilashin ƙofa, alamar kaya za su fita. A wankin baho haka ne. Injin mai ƙofa a gaba kuwa ruwa kaɗan yake sha, wankinsa a ɗaga kaya a sako su ne su faɗi, kamar bugu a kan dutse. Kumfa in ta yi yawa sai ta zama katifa, kaya su faɗi a kan taushi, ita kuma ta hau har saman roba inda ruwa bai saba zama ba. Nan take na yanke hukunci: kumfa ta shiga fitila ta cinye ta. Na toshe ramin da leda, na ce kada a yi wanki sai na dawo.

A shago

Na bi gefen gilashin da reza har ya rabu da gindinsa. A ciki ɗan allo ne mai ƙwayoyin LED uku a jere da resista ɗaya mai rage ƙarfin wuta. Yarona ya ga rawayar da ke fuskar kowace ƙwaya ya ce, "Oga, ai duk sun ƙone." Ba ƙuna ba ce. Farin LED a asalinsa shuɗi ne, rawayar nan wani shafi ne da ke juya wani ɓangare na shuɗin hasken, haɗuwarsu ta ba da fari. Samo shuɗin ne ya daɗe yana gagarar masana, shi ya sa aka ba Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel a 2014. Alamar ƙuna ita ce baƙin ɗigo kamar kan allura a tsakiyar rawayar, kuma ƙwayar tsakiya tana da shi. Na ɗauko batirin makullin mota, mai faɗin kwabo, mai bolt 3, na taɓa kowace ƙwaya da 'yan wayoyi biyu. Na gefe biyu suka yi haske, ta tsakiya ko gezau. Tunda a jere suke kamar tasbaha, ɗaya in ta tsinke duka sun tafi. Layukan tagullar allon ma tsatsa ta ci rabinsu, ba abin a yi wa faci ba ne.

Na zaga shagunan kayan gyara a Sabon Gari, ba mai irinta. Wani ya ce in jira a fasa irin injin, wanda ba ranar zuwansa.

Mafita tana cikin zaren LED ɗin nan mai bolt 12 da ake ƙawata silin da shagunan aski. In ka duba shi da kyau, duk bayan ƙwaya uku akwai layin yanka, kowane yanki kuma da resistarsa. Lissafin ɗaya ne da na fitilar da ta mutu: ƙwaya uku kowace tana shan wajen bolt 3, sun kwashe 9, ragowar 3 ta faɗa kan resista. Wadda ke kan zaren da na samu an rubuta mata 151, wato om 150, abin da zai ratsa ke nan bai wuce miliamfiya 20 ba. Wannan ba nauyi ba ne ga fanel. Yarona ya so mu sa yanki uku don ganga ta yi haske kamar gidan biki. Na hana. Abin da ke sakin wutar a kan fanel ɗan mitsitsi ne, an auna shi daidai 'yar fitila ɗaya, in ka ɗora masa kaya ya ƙone, ka ga maganar mai gyara na biyu ta tabbata da hannunka. Kuma da 5 mita ta nuna maimakon 12, wannan dabarar ba za ta yi ba sam.

Na yanki guda, na lanƙwasa shi a hankali ya zauna cikin gindin, na kama wayoyi da dalma. Wajen rufewa abu biyu nake gudu. Sufa gulu yana bushewa ƙaƙas ya tsage in an girgiza shi, tururinsa kuma yana sa gilashi ya yi hazo. Silikon ɗin da ke warin tsami idan an matso shi, irin na masu gilashin taga, tsamin nan yana cin tagulla a hankali. Wanda ba ya wannan warin na sa, na cika bayan fitilar da shi har ya rufe mashigar wayoyi, na bar shi kwana ɗaya. Washegari na haɗa ta da batirin babur na nutsa ta a kofin ruwa tun safe har la'asar. Tana ci, ba ɗigo a ciki.

Tsohuwar wayarta na mayar mata. Na auna ta a kan tebur, a miƙe, a kwance, mita ta yi ƙara, na ce lafiya.

Mayarwa ba ta ɗauki rabin awa ba. Ruwan sabulu na shafa wa bakin ramin don ta shige. Giris da man jelly suna kumbura irin wannan roba, ba a kusantar da su. Na duba 'yar kibiyar da ke saman roba tana tsakiya, hujojin tsiyayar ruwa suna ƙasa, na mayar da zobe. Babu wuta a unguwar, aka tayar da janareta, na mayar da saiti kan ruwan sanyi don hitar injin kaɗai tana cin wajen wat 2,000. Na sa ɗauraya da matsa, ganga ba komai a ciki. Ba yoyo. Aka buɗe ƙofa, haske fes. Hajiya ta biya har da na mota, na yi wa 'yar aiki huɗuba a kan sabulu, muka tafi. Muna fita na ga maigadi yana mayar da buhun shinkafa kan injin.

Kwana tara

"Injiniya, fitilarka ta zama mai aljanu," in ji Hajiya. "Yau ta kama, gobe ta ƙi. Ɗazu ina kwashe kaya tana ƙyafta mini ido."

Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na koma da yamma. Na buɗe ƙofa, duhu. Na sa tafin hannu a leɓen ganga ta ƙasa na danna, sai fitila ta yi wal ta ɗauke. Na sake dannawa, ta sake. Amma abin da ya tsayar da ni ba fitilar ba ce. Da na saki gangar, sai ta yi sama ta dawo, ta sake yin sama, ta yi ta lilo sau uku ko huɗu kamar an saki reshen mangwaro. Tukunya mai lafiya in ka danna ka saki, sau ɗaya take dawowa ta tsaya cak.

Na cire wuta, na buɗe sama, na maƙala mita a kan waya ɗaya daga soket zuwa gindin fitila, na bi ta da yatsu ina lanƙwasawa kaɗan-kaɗan. Kamar faɗin yatsa huɗu daga fitilar ƙarar mita ta yanke. Na ja wurin a hankali, sai rigar wayar ta miƙe ta sirance kamar robar ɗaure kuɗi, alamar ba tagulla a ciki. Da na fere ta, zaren duk sun karye, bakunansu sun yi baƙi, taɓa juna kawai suke yi in waya tana kwance. A teburina a kwance take, shi ya sa ta ci jarrabawa. Gefe ɗaya na rigar ya baje yana sheƙi, inda kankaren gaba yake gogarta. Ɗan maƙalin roba da ya kamata ya riƙe ta nesa da kankaren ya karye tun tuni, gindinsa kawai ya rage a rami.

Sai a lokacin na yi tambayar da ya kamata in yi ranar farko.

"Hajiya, buhun nan me yake yi a kan inji?"

'Yar aikin ce ta amsa. "In ba a ɗora ba, tafiya yake yi. Rannan har bakin ƙofar kicin ya zo, ya tsinke tiyo."

"Tun da na saye shi yake 'yar rawa," in ji Hajiya. "Bana ne abin ya yi yawa. Na zaci haka irinsu suke."

Haka kakanninsu suke dai. Injin wanki mai sarrafa kansa na farko da aka sayar wa gidaje, wanda kamfanin Bendix ya fitar a Amurka a 1937, mai ƙofa a gaba ne, kuma sai an ɗaure shi da daɓen ɗaki da noti, don ba shi da abin shanye girgiza. Sifirin da shokozoba da kankare duk an zo da su ne don a huta da wannan. Juyi 1,400 a minti ya haura juyi 23 a kowace daƙiƙa, da jiƙaƙƙen bargo a gefe ɗaya. Mafi munin lilon ma ba a ƙarshen gudu yake ba, lokacin da injin ke ɗaukar gudu ne daga ƙasa, nan tukunya take wurgi da faɗi, nan kuma aikin shokozoba yake. Sabon inji yana zuwa da dogayen noti uku ko huɗu a baya da ke ƙulle tukunya saboda tafiya, a cire su in an kai gida. Na hannu da wuya ka gan shi da su. Haka yake hawa jirgin ruwa, haka yake hawa tirela daga Legas zuwa Kano, tafiyar kusan kilomita 1,000, tukunya tana dukan ƙafafunta, wato shokozoba, a kowane rami. Ya iso da rabin ransu, shekara uku ta ƙarasa sauran.

Da haka labarin ya haɗu. Tukunya tana wurgi fiye da ƙima, ta karya maƙali, waya ta faɗa kan kankare, kowane matsi ana fizgarta. Fizgar nan ce ta buɗe gindin fitila inda wayoyi suka shiga, kumfa ta samu ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ni na kama ƙadangaren na bar bangon. Gwajin da na yi da ganga wayam kuwa ba gwaji ba ne, ganga mara kaya ba ta da abin da zai karkatar da ita.

Na buɗe 'yar ƙofar tace datti da ke ƙasa na tsiyaye ruwan da ya rage a faranti, muka jingina injin baya yarona yana riƙe, na shiga ta ƙasa. Shokozoba biyu ne, kowace an soke ta da turakun roba sama da ƙasa. Ba irin ta mota ba ce mai mai a ciki. Sanda ce a cikin bututu, da wani soso mai maiƙo da ke riƙe ta, gogayyar ce ke shanye girgiza. Ta hagu da na zaro ta, da yatsa biyu nake tura ta tana shiga tana fita kamar famfon keke da robarsa ta cinye. Ta dama da ɗan saura. A jikinsu an buga 100N, wato ƙarfin da ya kamata ka sa kafin ta motsa ya kai nauyin kilo 10. Na miƙa wa Hajiya ta hagun ta gwada da hannunta.

"To ni fitila na kira ka, ka koma ƙafafu," ta ce, tana tura sandar tana jawowa.

"Ranki ya daɗe, aikin waya ba zan karɓi ko kwabo ba, kuskurena ne. Amma in ba a canja waɗannan ba, ko wayar zinariya na sa sai ta karye. Kuma ba fitila kaɗai ba, robar ƙofa da boris suna kan layi, su ne masu cin kuɗi."

Ta ce sai ta yi shawara da Alhaji. Alhaji da ya tuna shaddarsa bai ja magana ba.

Na 'yan gwangwan ban ko duba ba, don wadda aka ciro daga mataccen inji ta sha irin wahalar da tamu ta sha. Na aika hoto da tsawo da faɗin rami da lambar 100N ga wani mai kaya a kasuwar Alaba da ke Legas, sababbi biyu suka iso tasha bayan kwana uku. Biyun ake canjawa tare ko da ɗaya ce ta mutu, in ba haka ba tukunya ta riƙa karkata gefen mai rauni.

Wayar kuwa gaba ɗaya na canja ta, wanda ya sa dole na sake fasa silikon ɗin da na yi alfahari da shi. Wayar tsohuwar mita na yanka, mai laushi, mai zare da yawa sirara, wadda aka yi don a yi ta lanƙwasa ta. Ban yi haɗi a tsakiya ba. Dalma tana bin zaren waya ta sandarar da shi, in haɗin ya faɗo wurin da ke motsi to daidai ƙarshen dalmar zai karye. Haɗi ɗaya yana cikin silikon a gindin fitila, ɗaya yana can sama kusa da soket, na sa masa rigar da ke tsukewa da zafi na ɗaure shi a jikin inji. Tsakaninsu na bar lanƙwasa mai sassauci, na danna tukunya ƙasa iyakar ƙarfina, na tura ta hagu da dama, na ga wayar ba ta miƙe ba, ba ta kuma taɓa kankare ba. Ƙafafun injin na waje ma ɗaya a sama take, bulon nan aikinta yake yi. Na ɗora ma'aunin magina, na murɗa ƙafar har ɗigon ya zo tsakiya, na ɗaure notinta.

Wannan karon zanin gado biyu da tawul uku na sa aka zuba, da rabin gwangwanin sabulun inji. Na bar murfin sama a buɗe, na cusa takardar goge hannu a bayan fitila, na tsaya nesa da tocila. Da ya fara ɗaukar gudu tukunya ta yi wurgi biyu ta nutsu, waya tana ɗan kaɗawa a sarari ba ta taɓa komai. Ya hau har ƙarshe yana kuka siriri, injin bai gusa daga layin tayil ɗin da na yi masa alama ba. Da ya tsaya, makulli ya saki, na cire fulogi na zaro takardar a bushe. Na rufe sama, aka mayar da wuta, Hajiya ta buɗe ƙofa da kanta. Na danna gangar sau biyar da ƙarfi, haske bai motsa ba.

Yarona ya sunkuya zai saɓi buhun shinkafa ya kai sito.

"A'a, ɗan nan," in ji Hajiya. "Ajiye shi nan bakin ƙofa tukuna, sai na ga wankin Juma'a."